Me Ya Sa Talauci Ya Ƙi Tashi Daga Ƙasashen Da Aka Yi Wa Mulkin Mallaka? Darasi Daga Kodebuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ajiye abincin bayinSa a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa mun ɗan jingine darasin nahawu da muka saba, saboda wata tambaya da matasanmu na Adjamé da Treichville ke yawan kawowa bayan karatun Magariba. Suna cewa: Malam, ƙasar nan ta fi kowace ƙasa a duniya noman kakawo, jiragen ruwa ba sa yankewa a tashar Abijan, ga benaye ga gadoji, to me ya sa mai talla da mai ɗinkin takalmi da mai gadi suke tsufa a kan abin da iyayensu suka tsufa a kai? Me ya sa Nijar da Najeriya da Mali da Gana, kowace da irin arzikinta, suke cikin hali guda bayan shekara 60 da ɗoriya da samun 'yanci?

Amsoshin da aka saba ji a majalisa guda uku ne. Wani ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Wani ya ce baƙar fata ba ya son aiki. Wani kuma ya ce duk laifin Nasara ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah Yana gudanar da al'amura ta hanyar sababai, kuma bincika sababin cuta ba ya cin karo da tawakkali. Batun lalaci kuwa, duk wanda ya ga tashar motocin Adjamé da ƙarfe huɗu na asuba ya san ba gaskiya ba ne. Maganar Nasara tana da gaskiya a cikinta, sai dai ba ta cika ba. Abin da muke so mu bayyana shi ne: ƙasashen nan an gina su ne yadda dukiya za ta bi ta cikinsu ta fita, kuma bayan 'yanci ba a sake ginin ba, sai ma aka ɗora masa bashi da rashin adalci.

Wane talauci muke nufi?

A fiƙihun Malikiyya an bambanta faƙiri da miskini. Faƙiri yana da ɗan abin hannu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mu lura da shi. Akwai talaucin da ke zuwa ya wuce, kamar wanda gobarar kasuwa ko ciwo ko fari ke jawowa. Akwai kuma wanda ke zama a gida, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Wannan na biyu shi ne batunmu.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Kodebuwa sun nuna cewa a 1985 mutum 10 cikin 100 ne ake lissafawa matalauta. A 1995 sun kai kusan 37, a 2008 kusan 49, wato rabin jama'a ke nan. Daga baya abin ya sauka, amma har a 2021 ya haura 37 cikin 100. Ku lura fa, a tsawon waɗannan shekaru noman kakawo ƙaruwa ya yi ta yi. Ashe ke nan matsalar ba ta rashin noma ba ce. A wani wurin take.

Yadda kasuwanci yake kafin zuwan Faransa

Kakanninmu ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun kafin a san Abijan, fataken Hausa suna zuwa Salaga da Bonduku neman goro, suna kawo kanwa da fatu da tufafin rini. Garin Kong da ke arewacin ƙasar nan cibiyar ciniki da karatu ce ta Julawa. Bajamushe matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Ba muna cewa zamanin aljanna ba ne. An yi yaƙe-yaƙe, an yi yunwa, an yi cinikin bayi, kuma wannan tabo ne babba. Amma akwai abu biyu da za mu riƙe. Na farko, hanyoyin ciniki suna haɗa ƙasashenmu da junansu, daji da sahel da hamada. Na biyu, abin da ake fitarwa yakan zama an gama aikinsa: audugar an kaɗa ta, an saƙa, an rina, an buga, an ɗinka. Kowane hannu da kayan suka bi ya ci abinci a kai. Wannan shi ne abin da mulkin mallaka ya juya.

Ƙasar da aka gina tana kallon teku

A ranar 10 ga Maris 1893 Faransa ta ayyana Kodebuwa a matsayin mallakarta. Ba da daɗewa ba aka ɗora harajin kai, kuma da kuɗin Bature ake biya. Ka ga mutumin da ke noma doyarsa yana cin abinsa, yanzu dole ya nemi kuɗin Bature, ko dai ya noma abin da Bature ke saye, ko ya je ya yi masa ƙwadago. A zamanin gwamna Angoulvant, daga 1908, aka murƙushe masu tirjiya da ƙarfin bindiga, ciki har da boren kabilar Abbey na 1910, aka kuma tilasta wa ƙauyuka dashen kakawo. Ga kuma aikin dole: a ɗebi majiya ƙarfi a kai su saran katako da gina hanya da gonakin Turawa.

Ku dubi layin dogo. An fara shi daga Abijan a 1904, ya isa Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. Sunansa Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. Layi ne guda miƙaƙƙe, daga cikin ƙasa zuwa bakin ruwa. Yana sauko da katako da auduga da leburori, ya hau da kayan kanti. Don a sami leburori cikin sauƙi, a 1932 Faransa ta rushe ƙasar Haute-Volta, wato Burkina ta yau, ta haɗe babban ɓangarenta da Kodebuwa, domin Mosawa su sauko gonakin kudu. Sai a 1947 aka mayar da ita. Haka Ingila ta yi a Najeriya: jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai ga dalar gyaɗa ta tashi, ana jan ta zuwa Ikko. Ba wanda ya damu da shimfiɗa layi daga Kano zuwa Bamako ko daga Katsina zuwa Kumasi, inda jakunan kakanninmu suka saba bi.

Unguwanninmu ma shaida ne. Da aka mayar da Abijan babban birni a 1934, an keɓe Plateau ga ofisoshi da gidajen Turawa da manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA. Ma'aikata baƙaƙe aka tura su gefe biyu, Adjamé ta arewa, Treichville ta ƙetaren ruwa, ita kuma aka laƙaba mata sunan Treich-Laplène, ɗaya daga cikin Faransawan da suka share fagen mallakar ƙasar. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jirage suka samu shigowa har cikin gari, fitar da kaya ya ninka.

Mutanen ƙasa ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1944 Félix Houphouët-Boigny da abokansa manoma suka kafa ƙungiyar manoman Afirka, saboda ana fifita manomi Bature a kansu wajen farashi da leburori. A ranar 11 ga Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunansa. Wannan nasara ce da talakan Nijar da Mali da Gine duk suka amfana da ita. Amma da 'yanci ya zo ranar 7 ga Agusta 1960, abin da aka gada shi ne ƙasa mai sayar da ɗanyen kafe da kakawo da katako, mai sayo kusan duk abin da aka ƙera, mai 'yan ƙalilan da suka yi karatu mai zurfi. Makarantar Bature an buɗe ta ne don samar da akawu da tafinta, ba a buɗe ta don samar da masu ƙera injin ba.

Mai saye ne ke yanka farashi

A nan ne zuciyar maganar take. Kodebuwa tana noma kusan tan miliyan 2 na kakawo a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa. In aka haɗa da Gana, ya kai wajen kashi 60. A hankalce, mai irin wannan kaya shi ya kamata ya faɗi kuɗin kayansa. Amma farashin kakawo a kasuwannin Landan da New York ake tsayar da shi. Masu sayen kuwa 'yan kamfanoni ne ƙalilan manya, masu sayarwa kuma ɗaruruwan dubban ƙananan manoma ne, kowa da buƙatar kuɗin makarantar ɗansa a watan Satumba da Oktoba. Wanda yunwa ke jiransa a gida ba ya jan ciniki.

Sannan ribar tana wurin sarrafawa. Masu bincike sun nuna cewa abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake sayar da cakulan a kantunan Turai ba. Sauran na mai niƙa ne da mai haɗawa da mai suna a jikin takarda da mai kanti. Yanzu ana niƙa wani kaso na kakawon a Abijan da San Pedro, wannan ci gaba ne, sai dai manyan masana'antun niƙan na kamfanonin waje ne irin su Cargill da Barry Callebaut. Haka yazawa take: ƙasar nan ce kan gaba a duniya wajen nomanta, fiye da tan miliyan 1 a shekara, amma mafi yawanta ɗanya take tafiya Biyetnam da Indiya a fasa ta a can. Aikin fasawar da matasanmu za su yi, wasu ke yi.

Ba ma sai mun je gona ba. Ku dubi garba, abincin da 'yan'uwanmu 'yan Nijar suka yi suna da shi har ya ɗauki sunan Bahaushe. Abijan tana cikin manyan tashoshin kifin ton na Afirka. Zaɓaɓɓen kifin gwangwani ake sa shi, mafi yawa ya tafi Turai. Wanda masana'antar ta ƙi, ƙanana da masu rauni, shi ke fitowa kasuwa a soya a ɗora kan aceke. Allah Ya yi wa sana'ar albarka, tana ciyar da dubban gidaje. Amma ita ma tana nuna mana tsarin: na gaba ya fita, ragowar ta zauna.

Shari'a ta san wannan cuta tun da daɗewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa, abin da malaman fiƙihu ke kira talaƙƙir rukban. Dalili kuwa, mai kayan bai san farashi ba, za a ci da jahilcinsa. Ya kuma hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Abin da ake tsarewa shi ne kada mai ƙarfi ko mai labari ya mayar da ciniki ƙwace. To abin da aka hana tsakanin mutum da mutum, shi ne ke gudana tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma shi ne ɗan tsakiya mai bin ƙauyuka da sikeli yake yi wa manomi idan ba ya tsoron Allah.

Shekarun yalwa da ba a yi tanadi ba

Daga 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970 tattalin arzikin Kodebuwa yana ƙaruwa da wajen kashi 7 cikin 100 a shekara. A lokacin ne iyayenmu da yawa suka sauko daga Adar da Gobir da Maraɗi da Damagaram da Sakkwato. A wancan zamani gwamnati tana da asusun daidaita farashi da ake kira Caistab. Tana tsayar da farashin da ake sayen kakawo da kafe, a sayar a farashin duniya, rarar ta ajiye don ranar da kasuwa za ta faɗi. Tunanin mai kyau ne, shi ne ma shawarar da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya bai wa sarkin Masar: a tara a shekarun damina bakwai domin shekarun fari bakwai.

A 1975 sanyi mai tsanani ya lalata gonakin kafe a Barazil, farashin kafe ya yi tashin gwauron zabi, na kakawo ma ya hau a 1976 da 1977. Kuɗi suka shigo kamar ba za su ƙare ba. Maimakon a cika rumbu, sai aka kashe rarar, aka kuma ciwo bashi a kanta daga bankunan waje. An yi ayyuka masu amfani, hanyoyi da madatsun ruwa da makarantu. An kuma yi waɗanda kuɗinsu ya wuce kima, kamar manyan masana'antun sukari shida na arewa, waɗanda ba a jima ba aka rufe wasunsu. Hukumar shinkafa ta Soderiz, wadda a tsakiyar shekarun 1970 ta kai ƙasar ga ciyar da kanta, aka rushe ta a 1977. Yau ana shigo da shinkafa fiye da tan miliyan 1 duk shekara.

Daga 1978 farashi ya fara gangarowa. A daidai lokacin Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin 100 a 1981. Kayanka sun faɗi, bashinka ya kumbura, alhali ba ka ƙara karɓar ko dala ba. Wannan ita ce ɗabi'ar riba: tana girma ne a lokacin da mai bashi ya fi rauni, mai ba da rance kuma ba ya ɗaukar komai na asarar. Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, tsarin bashin duniya kuwa a lokacin ƙuncin yake ƙara matsewa. Ba banza ba Manzon Allah yake yawan neman tsari daga nauyin bashi.

Daga 1981 ƙasar ta shiga shirye-shiryen gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya: a daina ƙarin albashi, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a rage abin da ake kashewa. A watan Mayu 1987 gwamnati ta ce ba za ta iya ci gaba da biyan bashi ba. Shugaba Houphouët ya hana sayar da kakawon ƙasar na tsawon watanni masu yawa, da fatan masu saye za su ji jiki farashi ya tashi. Masu saye suna da ajiya, suna da wasu ƙasashen da za su saya, sai suka jira. A 1989 aka sare farashin manomi daga sefa 400 a kilo zuwa 200. Ku yi tunanin gidan da aka raba abin shigarsa biyu cikin shekara guda. Yaro ya bar makaranta, mara lafiya ya zauna gida, leburan gona ya koma gari neman talla. Yaron da aka cire daga aji a 1989 shi ne magidancin yau da ba shi da sana'a. Ta haka talauci ke zama gado.

Kuɗin sefa

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, tun zamanin mallaka, aka ɗaure ta da kuɗin Faransa, yau kuma da yuro: yuro 1 sefa 655.957. A watan Janairu 1994, wata guda bayan rasuwar Houphouët, aka taru a Dakar aka karya darajarta da rabi. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Dattawanmu suna tuna yadda magani da kayan gyaran mota da kujerar hajji suka yi tsalle, jarin ɗan kasuwa mai sayo kaya daga waje ya narke da dare ɗaya.

Adalci ya sa mu faɗi ɓangare biyu. Ɗaurin nan yana hana hauhawar farashi irin wadda masu zuwa Kano da Akara suka gani ta cinye naira da sidi. Amma kuma kuɗi mai tsada yana sa kayan waje su yi araha, na gida su kasa gogayya, kuma bankuna ba sa sakin rance ga ƙaramin mai sana'a. Shekaru da yawa ana ajiye rabin kuɗaɗen waje na ƙasashen a baitulmalin Faransa, sai a sauyin da aka sanar a nan Abijan a Disamba 2019 aka kawo ƙarshen wannan sharaɗi. Ga kuma iyakoki: Maraɗi da Katsina 'yan'uwan juna ne, tafiyar 'yan sa'o'i, amma kuɗi biyu, kwastan biyu, harshen ofis biyu. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi tsakaninsu bai kai kashi 20 cikin 100 na cinikinsu ba.

Rabon da ke wuyan 'yan ƙasa

In muka tsaya a nan, mun yi rabin gaskiya. Koriya ta Kudu ta sha mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, ta kuma sha yaƙi. Malesiya ta samu 'yanci daga Ingila a 1957, tana sayar da ɗanyar roba da kuza kamar yadda muke sayar da kakawo. Koriya ta raba gonaki ga manoma, ta sa yara makaranta, ta tilasta wa kamfanoninta koyon ƙira. Malesiya ta koma sarrafa manja da haɗa kayan lantarki. Mallaka ta bar wa kowa rauni, amma abin da shugabanni suka yi da shekarun bayanta ya bambanta.

A ƙasashenmu da yawa, wanda ya hau kujerar gwamna Bature ya tarar da tsarin tatsa yana aiki, sai ya bar shi yana aiki, ya canza aljihun da ake zubawa. Kwangila ta ninka kuɗinta, dukiyar jama'a ta koma gidaje a Turai, ɗan kasuwa ya biya a kowane shingen hanya. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa zalunci yana rushe raya ƙasa, domin idan mutane suka ga abin da suka tara ƙwacewa za a yi, sai su daina ƙoƙari, kasuwa ta mutu, harajin ma ya ragu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa kula da manoma da masu sana'ar hannu da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Sayyidina Umar kuwa, da aka buɗe ƙasar Iraƙi, ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa, ya bar su hannun manomansu, harajinsu ya zama na al'umma har da waɗanda ba a haifa ba. Shugaba ke nan mai tunanin jikoki.

Kuma idan tuwo ya ragu a akushi, sai a fara tambayar wa ya cancanci ci. Bayan faɗuwar kakawo aka shiga rigimar wane ne ɗan ƙasa na asali, aka yi juyin mulki ranar 24 ga Disamba 1999, yaƙi ya ɓarke 19 ga Satumba 2002, rikicin bayan zaɓen 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kusan 3,000. Mu mazauna Adjamé da Treichville ba sai an ba mu labari ba. Dukiyar da aka tara a shekara 20 tana iya ƙonewa a yini guda. Allah Ya kiyaye mu da komawa.

Daga 2012 an yafe wa ƙasar babban kaso na bashinta, tattalin arziki ya sake tashi, an gina gadoji da hanyoyi. A 2019 Kodebuwa da Gana suka haɗa kai suka ɗora ƙarin dalar Amurka 400 a kan kowane tan domin manomi. Wannan ya nuna masu kaya in sun haɗa baki ana jin su. Sai dai har yanzu mafi yawan masu aiki suna cikin sana'o'in da ba rajista, ba fansho, ba inshorar ciwo, kuma rusau ɗaya na iya kwashe jarin mutum.

Abin da ke hannunmu

Farashin Landan ba a hannunmu yake ba. Amma cutar da muka gani a jikin ƙasa, akwai ƙaramarta a gidajenmu, kuma wannan muna da iko a kanta.

Na farko, tanadi. Wasunmu idan kasuwa ta buɗe, abin da aka samu a biki da anko da gasar lefe yake tafiya, ko a aika gida duka a cinye ba a sayi ko tunkiya ba. Shawarar Annabi Yusufu ba ta sarakuna kaɗai ba ce. Taimakon iyaye wajibi ne, amma a ware wani abu da zai haihu.

Na biyu, ilimi da sana'a. Tun 2015 doka ta wajabta karatu ga yaro daga shekara 6 zuwa 16 a ƙasar nan, kuma akwai makarantun Islamiyya da gwamnati ta amince da su, masu haɗa Alƙur'ani da Larabci da karatun zamani. Kada mu cire yaro daga aji don ya tsare tebur, kada mu bar 'ya mace a baya. Mun ga riba tana wurin mai sarrafawa. Yaron da ya iya walda ko gyaran lantarki ko lissafin kanti ko aikin jinya ya fita daga layin masu jiran ragowa. A kuma yi wa yara takardar haihuwa da wuri.

Na uku, haɗa jari ba tare da riba ba. Adashi mun iya shi, amma yakan ƙare a hidima. A Malesiya, a 1963, aka kafa asusun Tabung Haji, saboda manoma suna sayar da gonakinsu don zuwa hajji su dawo ba su da komai. Aka ce kowa ya riƙa ajiye kaɗan kaɗan, ana juya kuɗin a halattaccen kasuwanci. Yau asusun na miliyoyin mutane ne. Masu garba goma in suka haɗa kuɗi suka sayi kifi da aceke a sari, ko masu goro suka haɗa mota guda daga Anyama, sun rage abin da ɗan tsakiya ke ci. Sharaɗin dai amana ce da rubutu da shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar.

Na huɗu, zakka da wakafi. Zakkar da aka rarraba ɗari biyar ɗari biyar a ƙofar gida tana kashe yunwar yini. Wadda aka tara aka saya wa bazawara keken ɗinki ko aka ba matashi jari, tana iya mayar da mai karɓa mai bayarwa, kuma malamai sun halatta a bai wa mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa. Sayyidina Usman rijiya ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Shago guda na wakafi zai iya biyan malamin makaranta shekara da shekaru.

Na biyar, mu tsarkake cinikinmu. Ba ya kyautu mu yi kukan sikelin manyan ƙasashe alhali namu mudun a tauye yake, ko muna danne haƙƙin yaron shago. Mu kuma zauna lafiya da masu masaukinmu da maƙwabtanmu, Musulmi da Kirista, domin mun ga abin da fitina ta ci.

Allah Ya sanar da mu a Suratur Ra'adi cewa canjin halin mutane yana farawa da canjin abin da ke cikin zukatansu, Ya kuma nuna a Suratul Hashri cewa ba Ya son dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Muna roƙon limamai da shugabannin ƙungiya su sa batun asusun zakka da na koyon sana'a cikin ajandar taro mai zuwa, a tattauna shi da mutanen da suka san lissafi.

Allah Ya ba shugabanninmu tsoronSa da tausayin talakawa. Allah Ya zaunar da Kodebuwa da ƙasashenmu na asali lafiya, Ya biya wa masu bashi, Ya wadata mu da halal, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu. A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu koma darasinmu na nahawu daga babin mubtada'i da habari.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.